Gyambon Ƙarƙashin Karkiya

Litinin, 13 ga Nuwamba 1972, ƙarfe 5.40 na yamma

Yau wata huɗu da kwana tara da na kama aikin likitan dabbobi a Kontagora, kuma sai yau na ga abin da ya cancanci a rubuta. Ni da Malam Haggai, malamin dabbobin da ya shekara ashirin da shida a aikin nan, muka hau baburanmu zuwa Tungan Mailafiya, gaba kaɗan da Tungan Magajiya. Awa uku da minti goma.

Shanun noma uku aka nuna mana. Biyu na wani mai injin niƙa ne da ake kira Dogo. Kowanne yana da tsiro a doron wuya, daidai inda karkiya ke zama. Babban santimita tara ne a tsaye, shida a kwance. Bakinsa ya naɗe waje kamar bakin tukunya, yana jini in an taɓa, yana wari. An gama huɗa wata uku da suka wuce, bai warke ba. Audugar da na goge shi da ita ta fito baƙa ƙirin. Datti, ina jin. Na yanki ɗan nama na sa a kwalba.

Mutane suka taru, na yi musu bayani cikakke. Na ce yana kama da ciwon daji, kuma abu uku aka fi sani suna kawo irinsa ga dabba: zafin rana a kan farar fata, ko wani abu mai guba da ya daɗe yana taɓa jiki, ko ƙwayar cuta.

Dogo ya ce, "Ita ƙwayar cutar, daga ina za ta zo mana?"

Na ce daga wata dabba, kuma ba abin mamaki ba ne, don ko a rugar da muka wuce a bakin rafi na hangi maruƙa da 'yan tsire-tsire a fuska, waɗanda ƙwayar cuta ce ke kawo su. Kowa ya gyaɗa kai. Na ji daɗin yadda suka gane da wuri.

A hanya mun tsaya shan ruwa, Malam Haggai ya ce, "Likita, a ƙauye ba a ba mutum amsa uku. Zai zaɓi wadda ta yi masa, ya bar maka biyu." Na ce gaskiya ba ta raguwa don mai ji. Ya tayar da babur ɗinsa.

Talata, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 11.15 na safe

Naman ya tafi Zariya wurin malamina na jami'a a cikin ruwan fomalin mai hana ruɓa. Na naɗe murfin sau biyu, na rubuta suna a jikin kwalba da kuma a takardar da ke ciki. Amsa za ta ɗauki mako uku. Na tabbata sankarar fata ce. Abin da ya kawo ta ne ban sani ba tukuna, amma zan sani.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 4.00 na yamma

Da na dawo daga masallaci na tarar da wani Bafulatani dattijo zaune a ƙasa bakin ofis, sandarsa a kafaɗa. Sunansa Yero. Rugar bakin rafin tasa ce. Kwana biyu ya yi a hanya, rabi a ƙafa, rabi a bayan motar gyaɗa.

Na ba shi kujera, ya ƙi. Ya ce, "Kai ne yaron da ya ce shanuna na da ciwo?"

Na ce ban ce haka ba. Na maimaita masa abin da na faɗa, kalma da kalma.

Ya ce, "To, abin da ka faɗa da abin da aka ji, wanne ne ya hana shanuna ruwa?"

Tun ranar Talata an tare masa mashaya. Yanzu sai sun zagaya mil uku su sha. An daina sayen nonon matansa. Kowace shekara in an girbe dawa manoma kan kira shi ya kwana da shanu a gonakinsu, su ci kara su bar taki, har a kan yi rigima kan wanda zai fara samu. Bana duk wanda ya kira shi ya aiko a ce ya dakata. Shekararsa goma sha huɗu a wurin. Kabarin mahaifinsa yana bayan rugar.

Na tambaye shi in an tashe shi ina zai nufa. Ya ce arewa ruwa bai yi ba bana, masu shanu ma gangarowa suke yi. Kudu kuwa ƙudan tsando ne da cutar sammore da yake kawowa, kuma shanunsa ba su san wannan daji ba. Ya ce, "In na shiga da hamsin da takwas, in na fito da talatin na gode Allah."

Na ce zan zo ranar Litinin in gyara maganar. Ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce, "Allah ya sa tana gyaruwa."

Na sake duba abin da na rubuta ranar 13. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Asabar, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 7.30 na safe

Babu ƙarya a ciki.

Litinin, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 6.05 na yamma, Tungan Magajiya

Mun sauka a nan, za mu yi kwana uku. Na je gun mai unguwa Mailafiya, tsoho mai magana a hankali. Na ce masa ban taɓa cewa shanun Yero ne suka kawo ciwon ba, cewa na yi yana yiwuwa.

Ya ce, "Yana yiwuwa har yanzu?"

Na ce sai amsa ta zo daga Zariya.

Ya ce, "Wato yana yiwuwa."

Dogo na gefe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sa ɗaya a wurina damina guda ce. Ni ba zan zauna jiran takarda ba har ciwo ya cinye garke. Likita da bakinsa ya nuna mana rugar. Ko aljani ne ya ari bakinka ran nan, Likita?" Aka yi dariya.

Mailafiya ya yanke cewa ranar Juma'a 8 ga Disamba za a gama ɗaure dawa. In kafin nan ban zo da magana ɗaya tak ba, Yero zai tashi. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, sun ci gishiri tare, amma ba zai iya riƙe mutanensa ba in wani sa ya ƙara kamuwa.

Kwana goma sha takwas. Sun isa. Abin da ake bukata ƙirga ne, kuma ƙirga na iya.

Talata, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 5.20 na yamma

Na duba kowace dabba mai ƙaho a tungar da rugar, da hannuna.

Shanun Yero hamsin da takwas. Maruƙa bakwai na da 'yan tsire-tsiren nan a fuska da kunne, busassu, ba jini, ba wari. Irin wanda kan kama ƙananan dabbobi ya faɗi da kansa cikin 'yan watanni. Yero ya nuna mini manyan shanu huɗu da suka yi shi suna ƙanana, fatarsu sumul. Gyambon wuya: babu ko ɗaya.

Shanun tunga da ba sa noma talatin da ɗaya. Shekara da shekaru suna shan ruwa wuri ɗaya da na Yero. Maruƙa uku na da tsiron fuska. Gyambon wuya: babu.

Shanun noma ashirin da biyu. Masu gyambo biyar ne, ba uku ba. An ɓoye mini biyu, ana tsoron zan sa a yanka. Huɗu kuma fatar wuyansu ta yi kauri ta tsage, ba gashi.

Rana ba ta cikin maganar nan. Uku daga cikin biyar ɗin baƙar fata gare su, wuyan kuma rabin yini a ƙarƙashin itace yake.

Ƙwayar cuta ba ta san sa mai noma da mara noma ba. Wannan ya kamata in lura da shi tun ranar farko, kafin in buɗe baki.

To karkiya ce? Amma takwas suna jan garma tun shekara shida ko fiye, wuyansu lafiya lau. Na tambayi Malam Haggai me ya raba waɗannan takwas da sauran. Ya ce bai sani ba. Yau bai yi wasa da kowa ba, shi da ba ya wuce tsohuwa bai ce zai aure ta ba.

Na wanke hannu sau uku, har yanzu yana warin gareji.

Laraba, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 2.30 na rana

Na samu.

Biyu daga cikin takwas ɗin na wata tsohuwa ce, Iyatu, mijinta ya rasu ya bar mata su. Na same ta tana shafa musu man kaɗanya a wuya. Na ce, "Iya, kowa haka yake yi?"

Ta ce, "Masu hankali. Sauran baƙin mai suke shafawa."

"Wane baƙin mai?"

"Wanda injin Dogo ya gama sha ya yi fitsarinsa. Ɗan nan, kai likita ne ko baƙo? Ba ka ga galan a ƙofar injin ba?"

Na je na gani. Duk lokacin da Dogo ya juye man inji, sai ya tara tsohon a galan, ya ajiye da gwangwani a kai, kowa ya ɗiba kyauta. Ya ɗauke shi sadaka. Tun ruwan farko har a gama huɗa, kowace safiya kafin a ɗora karkiya sai an mulke wuyan sa da shi, wai yana ƙara wa fata ƙarfi, yana korar ƙuda. In wuya ya goge ya yi rauni sai a ƙara yawa. Yanzu da tsiron ya fito, safe da yamma suke shafawa. Baƙin da na gani a auduga ke nan, na rubuta datti.

Na sake zagaya gidaje. Masu shafa baƙin mai: shanu goma sha huɗu. Duk biyar masu gyambo da huɗu masu kaurin fata suna cikinsu. Masu man kaɗanya ko waɗanda ba sa shafa komai: takwas, babu ko ɗaya da ya kamu.

Na koma na yi wa Iyatu godiya. Na ce ko ta san wanda ya fara kawo wannan dabara. Ta leƙa bayana, inda Malam Haggai ke ɗaure jaka a babur, ta ce, "Tambayi mijin nawa can. Shi ya san shekarar." Ta ci gaba da shafa manta.

Ban tambaye shi ba. Mun dawo Kontagora yana gaba ina baya.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 9.00 na safe

Malam Haggai ya aiko cewa ba ya jin daɗi. An ce rabon da ya yi fashin aiki tun rasuwar ɗansa.

Asabar, 25 ga Nuwamba, ƙarfe 3.45 na yamma

Na fito da littattafaina na makaranta. Abin da na sani tabbas:

An daɗe da gane cewa baƙin hayaƙi da kwalta da man inji suna iya jawo sankarar fata. An gan ta ga masu share bututun hayaƙi a ƙasar Turai. An shafa wa zomaye kwalta a kunne wata da watanni, ta fito musu. Abin yana son maimaici da shekaru, kuma fatar da ke rauni tana warkewa tana sake rauni ta fi saurin kamuwa.

Abin da ban sani ba: ban taɓa karanta inda aka nuna shi ga wuyan shanun noma ba. Shanu ashirin da biyu ba su isa hujja ba. In na rubuta wa malamina cewa na tabbatar, zai zana mini jan layi.

Amma ba tambayar mai aka yi mini ba. Tambayar Yero aka yi mini.

Inna Ramotu, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune gidanta, ta ɗauke kwanon tuwo yadda ta ajiye shi. Ta ce, "Wanda ya je jami'a cin abinci ma sai an aiko masa takarda daga Zariya?"

Talata, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 1.10 na rana

Malam Haggai ya dawo aiki. Ina wanke allurai ya shigo ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce shekara tara ke nan. Garmar shanu ta shigo tungar sabuwa, ba su iya sassaƙa karkiya ba, wuyan shanu ya yi ta gogewa, ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Shi kaɗai ne daga Rijau har can, jakarsa ba komai sai almakashi. Ya ga galan a ƙofar injin, ya ce a zuba. Tsutsa ta mutu. Shanu shida suka tashi.

"Kwana uku na ce musu, Likita. Kwana uku. Da na koma bayan shekara na ga sun mai da shi kamar alwala. Suna ta sa mini albarka. Ban ga abin hanawa ba."

Na ce ko ni ne ranar, da babu magani, ban san abin da zan yi ba. Gaskiya ce.

Ya ce, "Saura mini shekara biyu in ajiye aiki. A ƙasar nan babu rugar da zan shiga ba a shimfiɗa mini tabarma ba. In aka ce Haggai ne ya ruɓar da wuyan shanu, wa zai sake kawo mini dabba rigakafi? Kai kuma da wa za ka shiga daji?"

Na ce zan yi maganar mai ba tare da sunan kowa ba.

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Kowa ya san sunan. Da ka ce mai, Dogo zai ce malaminku. In ni na ce a shafa, kai ka ce a bari, wa kake gani za su bi? Mai furfura ko mai jakar littafi?"

Ban roƙe shi komai ba. Ba zan roƙi mutumin da ya koya mini kama bijimi ya tsaya gaban jama'a ya kwance wa kansa zane ba.

Juma'a, 1 ga Disamba, ƙarfe 4.30 na yamma

Ba wasiƙa. Na je gidan waya sau biyu.

Wani direba ya kawo saƙo daga Yero: ƙanensa ya gaji da jira, ya kora shanu goma sha bakwai ya yi kudu tun Laraba. Saura arba'in da ɗaya. Mata sun fara kwance bukkoki.

Ranar 18 na rubuta a littafin nan cewa babu ƙarya a maganata. Har yanzu haka ne. Bai tsayar da saniya ko ɗaya ba.

Talata, 5 ga Disamba, ƙarfe 10.20 na safe

Wasiƙar ta zo. Sankarar fata ce, irin da na zata. Malamina ya rubuta cewa ba ta da kama ko kaɗan da tsiron maruƙa, ba kuma irin da aka san tana tsallakawa daga dabba zuwa dabba ba ce. Dalilinta kuwa, ya ce madubin duba ƙwayoyin cuta ba ya nuna shi, in duba abin da ke taɓa wurin.

Na karanta sau huɗu. Na aika wa Mailafiya cewa ina zuwa ranar Alhamis.

Malam Haggai ya karanta sau ɗaya ya miƙo mini. Na ce ba dole ya zo ba. Ya ce zai ga yadda ƙafarsa ta kwana.

Alhamis, 7 ga Disamba, ƙarfe 6.15 na yamma, Tungan Magajiya

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ni kaɗai na taso. An taru a ƙofar Mailafiya bayan azahar, maza arba'in da wani abu, mata a bayan danga. Yero na can nesa a tsugune, ba wanda ya matsa masa wuri. Na fito da takardar ƙirgata, Mailafiya ya ɗaga hannu.

"Ajiye takarda, Likita. Shanun Yero ne suka kawo ciwon nan? Eh ko a'a."

Na san akwai abin da ba a taɓa iya rantsuwa a kansa a aikinmu. Ya zo mini har bakin harshe. Na ce, "A'a."

"Yana yiwuwa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ba su ba ne. Ni na yi kuskure da na ambaci rugarsa ban duba ba. Na ga maruƙa daga kan babur, na yi magana. Laifin nawa ne."

Dogo ya miƙe. "To Likita, ran nan da yau, wanne ne na makaranta? In ba Yero ba, wa?"

Na ce baƙin mai nake zargi. Na faɗi goma sha huɗu da takwas. Na ce wannan ban tabbatar da shi kamar na farko ba, amma in sa nawa ne, ko ɗigo ba zai taɓa shi ba.

Wuri ya ruɗe. Dogo ya ce, "Man da nake bayarwa don Allah? Yau kuma ni ne rugar? Jama'a kun ji! Wancan mako Bafulatani, wannan mako mai inji, mako mai zuwa sai ya ce liman ne!" Har Mailafiya sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Dogo ya ce, "Man nan malaminku ne ya ba mu shi, tun kana tallan rake. Shi bai san aiki ba, sai kai?"

Ban ji zuwan babur ba saboda hayaniya. Sai na ga mutane suna buɗa hanya. Malam Haggai ne, da rigar aikinsa a goge, ya cire hula ya gai da mai unguwa.

Ya ce, "Dogo, kwana nawa na ce?"

Dogo ya kau da kai, Malam Haggai ya matso kusa da shi.

"Kai na miƙa wa gwangwanin. Kwana nawa?"

"Uku."

"Yau shekara nawa?"

Daga bayan danga Iyatu ta ce, "Tara! In bai iya ƙirga ba in zo in taya shi."

Malam Haggai ya juya ga jama'a. Ya ce, "Ni na kawo shi, na kuma gani kuna yi ban hana ba, don ban san yana ci a hankali ba. Yaron nan ya sani, ni ban sani ba. Wanda zai zagi wani a kan wuyan sansa, ga ni. Ku bar Yero." Ya mai da hularsa.

Ba wanda ya zage shi. Ba wanda kuma ya dube shi, kuma na ga wannan ya fi masa ciwo.

Dogo ya tambaya a hankali ko shanunsa za su warke. Na ce ƙaramin zan iya yanke masa tsiron gobe, ina sa rai. Na babban ya riga ya kai kaluluwar gaban kafaɗa, ba zai sake jan garma ba. Ya zauna. Ya daɗe yana duban hannuwansa.

Mailafiya ya ce mashaya ta Allah ce, a buɗe ta yau. Maganar tashi ya janye ta. Gona kuwa ta mai ita ce, ba zai tilasta wa kowa ya kira shanu ba.

Yero ya miƙe, ya ɗora sandarsa a kafaɗa. In babu gonar da shanunsa za su kwana, babu karan da za su ci, janyewar ba ta hana shi tafiya.

Juma'a, 8 ga Disamba, ƙarfe 12.40 na rana

Na yanke wa shanu uku. Malam Haggai ya kayar, ya riƙe, ya ɗinke biyu da kansa, ɗinkinsa ya fi nawa. Mutane suna gaishe shi a taƙaice. An ɗauke galan daga ƙofar injin.

Iyatu ta aika wa Yero ya zo gonarta. Kadada ɗaya ce ba ta cika ba, kwana huɗu za su cinye ta. Har yanzu ba wani da ya kira shi sai ita.

Asabar, 9 ga Disamba, ƙarfe 5.50 na yamma

Da hantsi na je rugar in duba maruƙa. Bukkoki biyu a kwance, uku a tsaye. Ina can sai ga Dogo, hannunsa a baya, yana tafiya kamar wanda ya ɓata hanya. Bai yi wa Yero sallama sosai ba. Ya tsaya yana kallon wani ɗan bijimi ja.

Yero ya ce, "Ka zo ganin masu ciwon?"

Dogo ya ce, "Na zo ganin ko akwai mai wuya a cikinsu." Ya yi kaki ya tofar. "Kuma karan gonata yana bushewa a banza. Ni da kai mun yi faɗa. Gonata ba ta yi faɗa da kowa ba."

Gonar Dogo ta fi ta kowa girma a tungar, kuma inda ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. Yero ya ce zai yi shawara da shanunsa. Dogo ya ce su yi sauri, kafin ya dawo hankalinsa.

Da ya tafi na ce wa Yero zan nemi inda ƙanensa ya sauka, in bi goma sha bakwai ɗin da allurar sammore kafin tsando ya gama da su. Ya ce an ce biyu sun riga sun kwanta. Na ce ya yafe mini.

Bai ce ya yafe ba. Ya kira matansa da Fulatanci, na ga sun fara ɗaga sandunan bukkar da suka kwance. Sannan ya juyo.

"Likita, in ka sake ganin abu a jikin maruƙana, sauko daga babur. Ni za ka fara gaya wa."

Na ce to.

Da la'asar shanu arba'in da ɗaya suka shiga gonar Dogo. Shi ya buɗe musu shingen da hannunsa, yana zagin ta gaba don ta taka masa ƙafa.